Ferrari Mai Lamba 3413: Daga Duwatsun Sisili Zuwa Gwanjon Dala Miliyan 48

Daren Asabar, 25 ga Agustan 2018, a garin Monterey da ke bakin teku a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani dattijo ya tuƙo wata jar mota ya hau da ita dandamali a gaban taron attajirai. Dattijon shi ne Derek Bell, mutumin Ingila wanda ya ci tseren awa 24 na Le Mans har sau biyar. Da ya kashe inji ya fito, sai mai gwanjo na kamfanin RM Sotheby's ya karɓi fage.

Ba a fara da tayin raini ba. Tayin farko dala miliyan 35 ne. Mutum uku suka riƙa ja, dukkansu ta waya, wakilansu na ɗaga hannu a madadinsu. Cikin kimanin minti goma aka buga guduma a kan miliyan 44. Da aka ɗora la'ada, kuɗin ya tashi dala miliyan 48 da dubu 405. Kafin wannan dare ba a taɓa sayar da mota a gwanjon bainar jama'a a kan irin wannan kuɗi ba.

Wanda bai san dawan garin ba zai ce hauka ne, kuma in ya leƙa cikin motar zai ƙara tabbatarwa. Shekararta 56. Kujera biyu ce da ita, ba rediyo, ba na'urar sanyi, ba kafet, ko agogon auna gudu babu. Amma masu wannan harka ba ƙarfe suke saye ba, salsala suke saye. Shi ya sa ba sa cewa “Ferrari 250 GTO” su yi shiru, sai sun kira lambar shasi, kamar yadda mai doki ba zai gamsu da jin “doki ne mai kyau” ba sai an faɗa masa daga wace barga ya fito, wa ya hau shi, a wane fage ya yi sukuwa. Lambar wannan ita ce 3413 GT, ta uku a cikin guda 36 da aka ƙera. Abin da ya fi jan hankalina a tarihinta shi ne, mutanen da suka yi mata sunan da aka sayar a daren nan babu wanda ya riƙe ta fiye da kimanin shekara ɗaya, kuma babu wanda ya tausaya mata.

Haihuwa cikin rikici

Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta yanke cewa daga 1962 kambun duniya na kamfanoni zai koma kan motocin da ake kira GT, wato waɗanda a ƙa'ida mutum zai iya saye, ya yi musu lamba, ya hau titi da su. Sharaɗin shi ne kamfani ya ƙera aƙalla guda 100. Enzo Ferrari yana da irin wannan mota, 250 GT mai gajeren shasi, kuma tana cin tsere. Matsalarta hanci: gabanta a tsaye yake, da ta kusa kilomita 250 a awa sai iska ta tokare ta. Ga shi a watan Maris na 1961 kamfanin Jaguar na Ingila ya fito da E-Type, doguwa, siririya, mai ratsa iska. Enzo bai ji daɗi ba.

Ya damƙa aikin ga wani injiniya, Giotto Bizzarrini, wanda ya yi karatu a jami'ar Pisa. Bizzarrini ya tura injin baya, ya saukar da shi ƙasa, ya ja hancin motar ya kwantar da shi. Motar gwajin farko ta yi muni har ma'aikata suka sa mata suna “Il Mostro”, wato dodo. Amma da direba Stirling Moss ya zagaya da ita a filin tsere na Monza a watan Satumban 1961, agogo ya nuna dodon nan ba na wasa ba ne.

Ana cikin haka gida ya kama da wuta. Manyan ma'aikatan kamfanin suka kai ƙorafi a rubuce kan yadda Laura, matar Enzo, ke tsoma baki a harkokin masana'anta. Enzo bai tsaya sulhu ba, ya sallame su. Bizzarrini na ciki, da babban injiniya Carlo Chiti, da manajan tawagar tsere Romolo Tavoni. Motar da ba a gama ba ta faɗa hannun wani matashi ɗan shekara 26, Mauro Forghieri, da maƙerin bodi Sergio Scaglietti na garin Modena.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu bugun bodi zai gane aikin Scaglietti. Yaransa ba su da injin da ke matse ƙarfe ya fito da siffa. Fallen alminiyam suke ɗauka, su ɗora a kan buhun yashi ko kututturen itace, su yi ta bugu da guduma, su gwada a jikin ƙwarangwal na waya, su sake bugu. Ido da hannu ne ma'auni. Saboda haka a cikin motocin nan 36 babu biyu da suka zo daidai da juna, wani lokaci ma gefen dama da na hagu na mota ɗaya ba su cika daidaita ba.

A ƙarƙashin bonet akwai inji mai silinda 12, lita uku, kowace silinda na ɗaukar kusan cc 250, kuma daga nan lambar sunan ta fito. Kafireta shida na kamfanin Weber jere a kansa, ƙarfin doki 300, giya biyar, ga motar duka ba ta kai tan ɗaya ba. A miƙaƙƙiyar hanya tana kai kimanin kilomita 280 a awa. Harafin “O” na ƙarshen sunan kuwa yana nufin “omologato”, wato wadda hukuma ta amince da ita, kuma a nan wayon yake. Ferrari bai taɓa niyyar ƙera 100 ba. Cewa ya yi wannan ai tsohuwar 250 GT ce aka yi wa kwaskwarima, ita kuwa an riga an amince da ita. FIA ta karɓa. Hatta lambar shasin tana cikin hujja: a wancan zamani motocin tsere zalla na Ferrari lambarsu cika ce, na titi kuwa mara. 3413 mara ce.

Sabuwa dala dubu 18 ake sayar da ita a Amurka, kuma kuɗi kaɗai ba ya isa, sai Enzo ya yarda kai mai iya tuƙa ta ne.

Ɗan alfadarin Sisili

Aikin farko da aka ba 3413 ba na alfarma ba ne. Italiyawa suna da kalma ga motar da ake ba direba ya koyi hanya da ita kafin ranar tsere, don kada a gajiyar da ta ainihi: “muletto”, ɗan alfadari. A watan Mayun 1962 kamfanin ya tura ta tsibirin Sisili don tseren Targa Florio, a matsayin alfadarin Phil Hill, Ba'amurken da ke riƙe da kambun duniya na Formula 1 na 1961.

Sai an san Targa Florio kafin a gane darajar wannan mota, domin sau uku ta je can. Wani attajirin Palermo, Vincenzo Florio, ya kafa tseren a 1906. Babu filin tsere. Hanyar mutane ce da ta tashi daga bakin teku, ta hau duwatsun Madonie, ta ratsa tsakiyar garuruwan Cerda da Collesano da Campofelice, ta sauko. Zagaye ɗaya kilomita 72, ana yin goma. Kwanoni ɗari-ɗari ne, a nan dutse, a can rami, a cikin gari kuwa dakalin ƙofar gida shi ne iyakar hanya, mutane na tsaye a kai. Wurin da direba zai ɗan sarara guda ɗaya ne, miƙaƙƙiyar hanyar Buonfornello mai kimanin kilomita shida a gefen teku. Ba a sakin motoci tare, ɗaya bayan ɗaya ake sallamarsu, kowa da agogo yake faɗa.

Koyon hanyar shi ne babban aiki, kuma ana yinsa ne hanya a buɗe, ga keken doki, ga garken tumaki, ga motar haya. Direbobi kan ɗauki fenti su yi wa duwatsu da bangaye alama, don su tuna wace kwana ce ke yaudara. Irin wannan wahala 3413 ta fara sha a rayuwarta. Abin mamaki, alfadarin ya dawo lafiya. Motar da aka tanadar wa Hill don ainihin tseren ita ce totur ɗinta ya maƙale a wajen gwaji, ta bar hanya ta ragargaje, shi kuma bai shiga tseren ba.

Mai masaƙa da mai gwal

Daga nan aka sayar da ita ga Edoardo Lualdi-Gabardi, ɗan gidan masu masaƙa a Busto Arsizio kusa da Milan, aka yi takardu da sunan matarsa. Lualdi ba direban albashi ba ne. Yana cikin waɗanda ake kira direbobin alfarma, masu sayen mota da kuɗinsu su yi tsere ranar Lahadi, Litinin su koma ofis. Fanninsa hawan dutse: tsere irin na Trento zuwa Bondone, inda ake sallamar mota daga gindin dutse ta yi kilomita 17 na kwana bisa kwana har ƙololuwa, ba wanda za ka wuce, ba wanda zai wuce ka, kuskure ɗaya kuma ba a gyara shi. A 1962 ya shiga tsere goma da 3413. Ya ci tara a ajinsa, na goman ya zo na biyu. Shi ya zama zakaran Italiya na motocin GT a shekarar.

Wani zai zaci mutum zai rungume motar da ta yi masa wannan rana. Ina! Da shekara ta zagayo Lualdi ya karɓi sabuwar GTO, ya sallama tsohuwar. A wurinsa kayan aiki ce, kamar injin saƙa: in sabo ya fito, sai a fitar da na da.

Wanda ya saya saurayi ne ɗan shekara 28, Gianni Bulgari, jikan maƙerin azurfar nan Bagirke da ya kafa gidan kayan ado na Bulgari a birnin Rum. A ranar 5 ga Mayun 1963 shi da abokinsa Maurizio Grana suka mayar da ita Sisili, wannan karon ba alfadari ba. Tseren shekarar ya ƙare cikin ruwan sama, kuma Ferrari ta ainihi ta kamfani, wadda Willy Mairesse ke tuƙi, ta zame a zagayen ƙarshe, Porsche ta Jo Bonnier da Carlo Abate ta ƙwace nasara da tazarar kimanin daƙiƙa 12 bayan kilomita 720. A cikin wannan santsi ɗan masu gwal da abokinsa suka kawo 3413 ta huɗu a jimla, ta ɗaya a ajinta. Kafin shekarar ta fita Bulgari ya sake cin wani tsere da ita a Monza, sannan shi ma ya sayar.

Sunan Bulgari ya sake cika jaridu bayan shekara goma sha biyu, amma ba don mota ba. A watan Maris na 1975, lokacin da satar attajirai ta zama sana'a a Italiya, aka sace shi a kan titin Rum, aka riƙe shi kusan wata guda, sai da aka biya fansa.

Mutumin Napoli

Mai ita na uku shi ne wanda masu kallon ƙwallo za su gane, ko da ba su taɓa jin an haɗa sunansa da mota ba. Corrado Ferlaino, injiniya mai harkar gine-gine a birnin Napoli, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai.

Ya saye ta a lokacin da Ferrari ke cikin tsaka mai wuya. Carroll Shelby na Amurka ya taso da motocinsa na Cobra masu injin Ford, kuma da gaske yake. Enzo ya so ya maimaita wayon 1962: ya kawo sabuwar 250 LM, mai inji a bayan direba, ya ce ita ma kwaskwarimar tsohuwar ce. Wannan karon FIA ta ce a kai kasuwa. Dole aka koma wa GTO. Kamfanin Pininfarina ya zana mata sabuwar riga, gajera, mai faɗi, gilashin gaba a miƙe, rufin ya ɗauko kamannin na 250 LM. Aka ƙera sababbi uku da wannan siffa, aka kuma tuɓe wa tsofaffi huɗu rigarsu aka sa musu sabuwar. Ferlaino ya kai 3413 wajen Scaglietti, ta zama ɗaya daga cikin huɗun.

A yau mai tara motoci zai ji tsigar jikinsa ta tashi. An yanke bodin da Phil Hill ya zauna a ciki, wanda ya ci kambun Italiya, aka ajiye shi gefe kamar tsohon kwano. Amma a 1964 babu mai ganin laifi. Mota ce ta tsere, an ce ga rigar da ta fi gudu.

Ranar 26 ga Afrilun 1964 ta koma Targa Florio karo na uku, Ferlaino da Luigi Taramazzo na karɓa-karɓa. Kamfanin Ferrari bai turo tawagarsa ba a shekarar, ya bar wa masu motocin kansu su kare masa suna. Shelby kuwa ya zo da ƙarfinsa, kuma cikin direbobinsa har da Phil Hill, wanda tuni ya raba gari da Enzo. Wato mutumin da ya fara koyon duwatsun nan a cikin 3413 ya dawo yana neman kayar da ita. Hanyar Sisili ba ta yi wa Cobra da daɗi ba. Ramuka da kwanoni suka karya musu ƙafafu, motar Hill ba ta gama ba, guda ɗaya ce ta lallaɓa ta kai, ta Dan Gurney, a matsayi na takwas. Porsche 904 ta ci tseren. 3413 ta zo ta biyar a jimla, ta ɗaya a ajinta, shekara biyu ke nan a jere. Da aka tattara maki a ƙarshen shekara Ferrari ta riƙe kambunta karo na uku, da tazarar da ba ta kai maki bakwai ba. Makin da ɗan kwangilar Napoli ya kwaso a Sisili yana cikin abin da ya raba gardama. A 1965 Shelby ya karɓe kambun, zamanin GTO ya wuce.

Ferlaino ma bai jira ba, ya sayar ya kama wata harka. A watan Janairun 1969 ya zama shugaban ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Napoli, kuma a 1984 shi ne ya ɗauko Diego Maradona daga Barcelona a kan kimanin lira biliyan 13, kuɗin da ba a taɓa biya a kan ɗan wasa ba. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda ya tsallake wa'adin rajista: ya kai ambulan wadda ba komai a ciki ofishin hukumar gasar a Milan, ya tashi zuwa Barcelona ya samo sa hannu, ya dawo cikin dare aka musanya ambulan. Da Enzo Ferrari ya ji wannan, ina jin da ya yi murmushi, don shi ma da irin wannan ya shigar da mota 36 inda aka ce sai 100. Ranar 5 ga Yuli aka gabatar da Maradona a filin San Paolo a gaban mutum fiye da dubu saba'in. Kofin gasar Italiya na farko ya zo a 1987, na biyu a 1990, da kofin UEFA a tsakani. Daga nan Napoli ta yi shekara 33 tana jira, sai 2023 da Victor Osimhen ya zura ƙwallo 26.

Ko ta wace hanya aka juya lira zuwa dala, abin da Ferlaino ya biya a kan Maradona bai kai rubu'in abin da aka biya a kan tsohuwar motarsa a Monterey ba. Dalar 1984 ba ta 2018 ba ce, na sani. Duk da haka.

Shekarun da ba mai so

Daga Napoli 3413 ta haye Ingila, hannun wani dillalin motoci a Landan, Dan Margulies. A 1965 David Piper ya ci tsere da ita a filin Brands Hatch. Piper gwanin GTO ne, da wata irinta ya ci tseren awa tara na Kyalami a Afirka ta Kudu a 1962 da 1963. Nan tarihinta na tseren gaske ya tsaya: sau 20 aka sallame ta, sau 20 ta kai ƙarshe, ba ta taɓa kwana a hanya ba, ba ta taɓa yin mummunan haɗari ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidansu. 'Yar'uwarta mai lamba 3851 a cikinta Henri Oreiller, Bafaranshen da ya ci lambar zinare biyu a wasan zamiyar ƙanƙara na Olamfik a 1948, ya rasu a filin Montlhéry a watan Oktoban 1962. Sai da aka mayar da ita masana'anta aka sake gina ta. Da yawa daga cikin sauran sun sha bugu, an sauya musu inji, an sauya hanci, an yi faci a kan faci. Abin mamakin dai shi ne duka 36 ɗin suna nan har yau.

Sun kusa kada su kai. A ƙarshen shekarun 1960 motar tseren da ta daina cin tsere ba ta da mai so: ga hayaniya, ga zafi, ga shan mai, ga makanikenta sai an nema. Da 'yan dubban daloli ake sallama su. Wani attajiri a Texas kyauta ya ba wata makarantar sakandare GTO ɗinsa, don ɗalibai masu koyon kanikanci su riƙa kwancewa suna ɗaurawa. Makarantar ta sayar a 1972 a kan dala 6,500, wanda ya saya kuma ya bar ta a kan tirela a fili a jihar Ohio, ruwa da ƙanƙara na dukanta, ciyawa na cinye ta, fiye da shekara goma. A 1977 Nick Mason, makaɗin gangar ƙungiyar Pink Floyd, ya biya fam dubu talatin da wani abu a kan tasa, abokansa na ganin ya yi wauta. Bayan shekara goma ita ya jinginar aka samu kuɗin fita rangadin waƙa.

3413 ta yi sa'a ba ta ga fili ba. Ta bi ta hannun Turawan Ingila masu son tsofaffin motocin tsere, irin su Neil Corner da Anthony Bamford, mai kamfanin JCB na motocin tono masu ruwan ɗorawa da ake gani a wuraren aikin hanya. Daga baya ta tafi Japan wajen Yoshiyuki Hayashi, a daidai lokacin da kuɗin Japan ke sayen duk abin da ya gani a duniya.

Lokacin ne kasuwar ta haukace. Enzo Ferrari ya rasu ranar 14 ga Agustan 1988, 'yan kasuwa suka ce an rufe ƙofa, abin da ya taɓa da hannunsa ba za a sake yi ba. A 1989 wani Bajapane ya biya fiye da dala miliyan 13 a kan wata GTO. Bayan shekara biyar, da kumfar ta fashe, aka sayar da ita a kan abin da bai kai miliyan huɗu ba. Masu cewa wannan mota ba ta taɓa faɗuwa ba sukan tsallake wannan babi.

Bayan faɗuwar ne 3413 ta dawo Turai, hannun Lindsay Owen-Jones, shugaban kamfanin kayan kwalliya na L'Oréal a lokacin, wanda shi kansa direba ne da ya yi tseren Le Mans. A shekarar 2000 ta koma wajen Greg Whitten.

Shekara 18 a hannu ɗaya

Whitten masanin lissafi ne mai digirin digirgir daga Harvard. Ya shiga Microsoft a 1979 tun kamfanin na ɗan ƙarami, ya kai matsayin babban mai tsara manhajojinsa. An ruwaito cewa dala miliyan bakwai ya biya. Shi ne ya fi kowa daɗewa da ita, shekara 18, wato ya ninka zaman Lualdi da Bulgari da Ferlaino gaba ɗaya sau shida. A yaba masa, bai kulle ta a ɗaki yana goge ƙura ba. Ya yi tseren tsofaffin motoci da ita, ya kuma shiga rangadin da masu GTO ke yi duk shekara biyar, inda ake jera su a kan titi ɗaya bayan ɗaya. Wannan rangadi yana cikin abin da ke tsadar motar. Kuɗi na iya sayen jirgi ko tsibiri, amma wannan ayari kujerunsa ƙidayayyu ne, ba a shiga sai wani ya sauka.

A zamaninsa farashi ya riƙa hawa. A 2012 aka sayar da koriyar da aka ƙera wa Stirling Moss a kan dala miliyan 35. A 2014 waccan 3851, wadda Oreiller ya rasu a cikinta, ta tashi a gwanjon Bonhams a kan miliyan 38 da dubu 115. A tsakiyar 2018 labari ya fito cewa David MacNeil, mai kamfanin WeatherTech, ya sayi mai lamba 4153, wadda ta ci tseren zagaya Faransa na 1964, a cinikin sirri na kimanin miliyan 70. Bayan 'yan makonni Whitten ya kai tasa Monterey.

To me ya sa mai tarihi irin na 3413 ta tsaya a 48, alhali wata ta kai 70? Kamfanin gwanjon ma fiye da miliyan 45 ya yi hasashe, guduma kuwa a 44 ta sauka. A ganina rigar Ferlaino ce. In aka ce GTO, hoton da ke zuwa wa mutane shi ne na 1962, mai dogon hanci da ƙofofin iska uku a sama da baki, mai baya kamar an sare da wuƙa. Shi ne siffar da wata kotu a Bologna ta ayyana a 2019 a matsayin aikin fasaha wanda ba a kwaikwaya sai da izini. Rigar 1964 ta fi ƙaranci, guda bakwai ne kacal a duniya, kuma a cikinta motar ta ci nasarar da ta fi kowace amfani ga kamfanin. Amma kasuwa ba ta biyan amfani, abin da ido ya saba da shi take biya. Gyaran da aka yi don a ci Shelby shi ne, bayan shekara 54, ya rage wa motar miliyoyi.

Tarihin da ta kafa bai daɗe ba. A watan Mayun 2022 kamfanin Mercedes ya sayar da ɗaya daga cikin motocinsa biyu na 300 SLR masu rufi a kan Yuro miliyan 135. A watan Nuwamban 2023 wata 'yar gidansu mai lamba 3765, wadda ta fara rayuwa da inji lita huɗu, ta tashi a New York a kan dala miliyan 51 da dubu 700. Targa Florio kanta an daina ta a matsayin tseren hanya tun 1977, bayan wata mota ta faɗa cikin 'yan kallo.

Akwai wani abu a cikin bayanin gwanjon 2018 da ba kowa ya kula da shi ba. An tabbatar cewa giyabos ɗin motar da akasil ɗinta na baya su ne na asali, inji ma na asali yana nan. Sai dai gangar jikin injin, wadda ta haye duwatsun Madonie sau uku ta kuma ci wa Lualdi tsere tara, an daɗe da ciro ta daga motar an adana, don kada wata rana fistin ya fasa ta. An sa wata ta 250 GT da aka gyara daidai da ta GTO a madadinta, da ita ake yawo, da ita ake tsere. Ƙarar da ta cika zauren Monterey lokacin da Derek Bell ya shigo, ta wannan ce. Ta asalin a gefe aka haɗa wa mai saye, tare da takardu.